Ranar da Na Yi Dakon Amsar Fizis

Ku da ke bin labarin nan, ku gyara zama, yau zan kai ku bakin titin da na fi shan wuya a rayuwata. In kuwa na ce wuya, ku san wanda ya faɗa. Ni ne Amadu Tarago. Na yi dakon gyaɗa a tashar jirgin Ƙaura tun gemu bai fito mani ba. Tarago ya datse mani yatsa, ban yi kuka ba. Yunwar da ta watsa mutanen Sakajiki ta iske ni tsaye, ta bar ni tsaye. Amai da gudawa ta ɗauke matata Tasalla, ni ta taɓa ni ta sake. Ban taɓa zama aji ba, ko wanga labari faɗa nike ana rubuta maku. Amma duk abin da na lissafa bai kai ranar jarrabawar fizis ba.

Shekarar da anka kafa shari'a a Zamfara ce, damina na shirin sauka, gari ya yi zafi kamar bakin murhu. Hamida, autata, tana ajin ƙarshe na sakandare. Yayyenta maza sun daɗe a Ikko, sai dai gaisuwarsu ta iso ta bakin direba. Gida ɗaki uku, mutum biyu. Ɗakin uwarta na nan yadda ta bar shi, gadon ƙarfe da jeren kwanoni, Hamida na goge su duk Juma'a. In ta tafi makaranta ni da akuya muke wuni, ina magana tana tuƙa.

Ga abin da ke ƙasa, don wanda bai sani ba. Akwai wani yaro Safwan, ɗan Shinkafi, yana zaune wurin kawunshi nan Ƙaura yana karatu. Ajinsu guda da Hamida kafin a raba maza da mata. Ya taɓa zuwa zaurena ya durƙusa, na ƙare mashi kallo, ban ga ƙeta a idonshi ba. Sun ƙulla cewa jami'ar Sakkwato za su, shi injiniya, ita likita, aure ya biyo baya. Amma uwarshi, Hajiya Balaraba mai shagon atamfa a kasuwar Shinkafi, ta faɗi tata ba a ɓoye ba: ɗanta ba ya auren wadda ta tsaya a sakandare. In ɗiyar ɗan dako ta shiga jami'a, to a zauna a yi magana. In ba ta shiga ba, ga Surayya ɗiyar ƙanenta can Gusau tana koyon aikin jinya. Likita kuwa, an ce mani, ba a yin shi sai an ci fizis.

Ni ko bakina ya riga ya kai ni. A teburin mai shayi na bugi ƙirji na ce ɗiyata sai ta ci, ko Hajiya ta so ko ta ƙi. Abin da ban faɗa a teburin ba shi ne, in ta ci, daga ni sai akuyar.

A makarantarsu ta mata ita kaɗai ta ɗauki fizis. Mai koya mata, Malama Alheri mutuniyar Zuru, da zancen shari'a ya yi ƙarfi danginta sunka tsorata sunka matsa mata ta koma gida. Tun daga nan Hamida ba ta da wanda za ta tambaya. Sai in ji ta a tsakar gida tana jefa wa kanta tambaya tana ba kanta amsa, wani lokaci har ta ce wa kanta, “A'a, ba haka ba, sakarya.” Na ce mata, “Auta, ki tambaye ni mana, ni da na ga cikin injin jirgi da idona.” Ta yi dariya ta ce, “Baba, naka na kwal ne, nawa na lantarki ne da mayen ƙarfe.”

Ranar jarrabawa, a makarantar maza anka ce ta zauna, tunda can ake yin fizis ɗin. Ga shi an hana mace hawa mashin ɗin kabu-kabu. Na ce to mi ya rage? Na wanke kekena, na ɗaura matashi a kariya da igiya. Ta fito cikin shuɗin wandon makaranta da farin hijabi har gwiwa, ta goge shi da dutsen guga na gawayi sai da ya yi kari, biro biyu a hannu da ɗan akwatin lissafi. Ko kunun ba ta sha ba. Na tofa mata addu'a a ka, munka kama hanya, mutane na kallon tsoho da gemu yana tuƙa budurwa. Su kalla. Ɗiyata ce.

Na raka ta har bakin ajin. Maza cike da ɗaki, ita anka aje mata tebur can kusurwa ta baya, fuskarta na kallon bango. Sai na ga ta yi ƙanƙanta. Na fito na zauna gindin katangar makaranta, na jingina keken. Babu wanda na sani wurin. Na ci goro, na ja tasbaha, na sake cin goro.

Rana ta take tsaka sai ƙararrawa. Yaran nan sunka ɓarko kamar an buɗe wa awaki ƙofa, sunka tsallaka titi zuwa inuwar wata darbejiya, kowa na ihu.

“Tambaya ta uku mi ka samu?”

“Sha biyu!”

“Wallahi na mutu, ashirin da huɗu na sa!”

Abin da ya ɗaure mani kai, duk sun ɗaga hannu sun tanƙwara yatsu uku, wanga ya nuna gaba, wanga gefe, wanga sama, suna murɗa wuyan hannu kamar masu ciwon shanyewa. Wani har ya kwanta gefe don hannun ya juya yadda yake so.

Hamida ta fito daga ƙarshe. Ta zo ta tsaya kusa da ni jikin katanga, ta juya wa titi baya, amma na ga kunnenta na can. Ga wani ɗan hisba zaune bakin ƙofar makaranta, bai ce komai ba, ba ya ma buƙatar ya ce. Kowa ya san mace ba ta tsallaka titin nan ta shiga cikin maza.

“Auta, yaya?”

“Ban sani ba, Baba.”

“Kamar yaya ba ki sani ba? Ba ke kinka rubuta ba?”

“Ni na rubuta. Amma ba a sani sai an gwada da ta wani.” Ta ɗan waiga wajen darbejiyar. “Su ga su can kowa na da wanda zai tambaya.”

Jama'a, na ɗauki buhun da ƙarti biyu sunka kasa ɗagawa, amma maganar nan ta fi shi nauyi. Na miƙe na kakkaɓe rigata.

“Faɗa mani amsar taki, in kai.”

“Baba, ba za ka riƙe ba.”

“Ni? Ni da mai tasha ke aike da baki har Gusau in dawo ko wasali bai faɗi ba? Ɗoro mani.”

Ta dube ni, ta dubi ɗan hisba. Na ɗaga murya na ce, “Malam, uba ya kai saƙon ɗiyarshi, akwai laifi?” Ya yi murmushi ya ce, “Babu, Baba.” Sai ta sunkuyo ta ce, “Ka tambayi Safwan ta uku, ta taransifoma. Ni bolt sha biyu na samu.”

Na tsallaka. Safwan ya zube ƙasa, farar rigarshi duk tawada a aljihu.

“Baba, ina wuni.”

“Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ta uku, ta taransifoma. Bolt sha biyu. Naka fa?”

Wani baƙin yaro mai haƙoran gaba, Lado sunanshi, ya ce, “Kai! Baba ma ya zauna jarrabawar?”

“Na zauna tun ubanka na yawo ba wando. Safwan, ina jinka.”

Yara sunka fashe da dariya, Lado na dafe ciki. Safwan ya ce, “Sha biyu ne, Baba. Daidai ne.”

Na koma na sauke mata. Ta rufe baki da hijabi, idonta ya yi haske. “To ta huɗu. Ka ce mashi allurar kamfas gabas ta karkata.” Na kai. Gabas ce. Na dawo. Ta ba ni wata mai lamba da ɗigo a tsakiya, na kai ta ba ta zube ba. Yaran nan har sunka fara jirana, in na taso sai su ce, “Ga jirgin Ƙaura nan ya iso tasha!” Lado na yi mani usur da baki. Wasu da sunka faɗi wata tambaya sai su ce in tambayo masu yadda Hamida ta bi ta samu. Ni ko ina tafe ina baza riga. Tun da jirgi ya daina zuwa sosai ban ji ana jiran isowata haka ba.

Sai ta ce, “Saura babbar. Ta bakwai, ita ta fi maki.” Ta ci gaba, “Waya ce anka shimfiɗa tsakanin bakin mayen ƙarfe biyu, anka sakar mata lantarki. An ce ina wayar za ta zabura, kuma a yi bayanin dalili. Ni na ce ƙasa. Duk bayanina a kan ƙasa na gina shi.”

Tun kafin in ƙarasa inuwar na ji suna kanta. Safwan ya ba ni baya, ya ɗaga hagunshi da yatsun nan uku yana nuna wa wani yaro. “Duba mana. Manuniya ta bi ƙarfin mayen, ta tsakiya ta bi lantarki. Ina babban yatsa ya nuna? Sama. Sama ce, ko a gaban alƙali.” Sauran sunka ce sama. Ko Lado, da ya faɗi kusan komai, ya ce sama.

Na yi gyaran murya. “Ta bakwai. Ta ce ƙasa.”

Babu wanda ya yi dariya. Lado ya ce a hankali, “Hannun dama ta ɗaga. Wallahi dama ta ɗaga.”

Na ce, “To da wane hannu za ta yi? Jarrabawa guda a yi ta da hagu?”

“Baba, wagga doka ta hagu ce,” in ji Lado. “Ta dama daban take, ta janareto ce. Kawo hannunka ka gani.” Ya kamo haguna zai tanƙwara, sai ya ga babu manuniya, sai dungu. Ya saki da sauri kamar ya taɓa wuta.

“Tana cikin tarago, ta tafi Ikko tun kafin a haife ka,” na ce mashi. “Ka bi ta ka karɓo.”

Wannan karon ma babu wanda ya yi dariya. Safwan ya jawo ni gefe, bayan itacen.

“Baba, don Allah ka ce mata ni ma ƙasa na samu.”

“Ƙasa ka samu?”

“Ka dai ce mata haka. Ba ta ci komai ba tun safe, na sani. In ta ji ta faɗi ta bakwai ba za ta yi barci ba. Ga sauran takardu gabanta.”

“In ta faɗi ta bakwai, ta faɗi fizis?”

Ya ce, “Tana iya tsallakewa da ƙyar. Tana iya rashin tsallakewa. Amma akwai Neko nan gaba kaɗan, sabuwar jarrabawar nan. Ko wace ta ci a cikin biyun, jami'a na karɓa.”

“A Nekon za a sake tambayar wayar nan?”

“Da wuya a rasa irinta.”

“To in ta tafi da cewa ƙasa daidai ce, wane hannu za ta ɗaga ranar?”

Yaro ne, tausayi ya rufe mashi ido, bai hango nan ba. Ni na hango. Kuma na hango abin da ya wuce nan, ku bari in faɗa maku don ba na jin kunyar kowa. Na tsaya tsakiyar titi, rana na dukan ƙeyata, wata motar itace ta wuce tana yi mani oda. Ga saƙo mai daɗi a bakina, ba ni na ƙirƙira shi ba, saurayinta ya ba ni da kanshi. In na kai shi yadda yake, za ta yi dariya, mu koma gida ta sha kununta. Neko ta zo ta sake ɗaga dama. Shikenan, Hajiya ta aurar da ɗanta ga Surayya, Hamida ta yi kukanta ta share, ta samu miji nan cikin Ƙaura inda zan riƙa jin sallamarta. Babu mai cewa Amadu ya yi wani abu. Na tuno ɗakin Tasalla. Na tuno yadda gidan ke yi in Hamida ta je ko da biki ne Zurmi ta kwana biyu, har motsin ƙadangare a kan kwano sai in ji shi.

Ta hango ni tsaye. Ta yafuto ni da gefen hijabi.

Na ƙarasa. Ta ce, “Mi ya ce?”

“Ya ce in ce maki ƙasa ya samu.”

Ta dafe ƙirji. “Alhamdu...”

“Tsaya, ban sauke duka ba. Wannan shi ne abin da ya ce in ce. Abin da kunnena ya ji kafin ya gan ni, sama ya ce. Duk cikinsu sama. Sun ce dokar ta hagu ce.”

Ta fiddo hannu biyu daga cikin hijabi, ta tanƙwara yatsun dama, ta duba. Ta tanƙwara na hagu, ta duba. Ta daɗe tana kallon babban yatsan nan da ya miƙe yana nuna sama.

“Na sani fa, Baba,” ta ce, muryar can ciki. “Na san ta hagu ce. Da na ga tambayar gabana ya faɗi, na aje biro na yi bisimilla, sai kawai dama ta tashi. Ban ma lura ba.”

Ni na koya mata haka tun tana rarrafe, ci da dama, karɓa da dama, shiga da dama, kuma ko gobe haka zan koya wa jikokina. Turawan da sunka aje doka a hannun tsarki su za a tambaya. Amma ban ce mata komai ba, don hawaye sun riga sun sauko, tana share su da bayan hannu kada mazan can su gani. Babu mace ko ɗaya wurin da za ta rungume ta. Sai ni, da katanga.

Can ta ja numfashi ta gyara hijabi. “Baba, saura aike ɗaya.”

“Ɗoro.”

“Ka ce mashi kada ya ƙara yi mani ƙarya, ni ba jinjira ba ce.” Ta sunkuyar da kai. “Sannan... in ka yarda... ya riƙa zuwa zaure kafin Neko. Kai kana zaune. Ba ni da kowa da zan gwada amsa da shi, Baba. Bango ba ya cewa na yi kuskure.”

Kun ji fa. Ni za a aika in kira wanda zai ɗauke ta, in shimfiɗa mashi tabarma da hannuna, in zauna ina gadi har ya gama koya mata hanyar Sakkwato.

“Asabar bayan la'asar,” na ce. “In ya makara in rufe ƙofa.”

Na kai saƙon duka biyu, na fari ma sai da na ƙara mashi gishiri. Safwan ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya tuba. Da na faɗi na biyu sai da ya riƙe itacen don murna. Lado ya ce, “Baba, ni ma in zo?” Na ce ya zo in akuya na buƙatar malami.

Munka kama hanyar gida. Ina jin keken na karkata, na san tana baya tana murɗa hagu cikin hijabi. Sai da munka kusa gida ta ce, “Baba, Sakkwato da nisa?”

“Ina nisan yake? Ni da na taɓa zuwa a ƙasa.”

“In na tafi, wa zai riƙa dama maka kunu?”

“Ke, kafin a haife ki wa ke dama mani? Riƙe da kyau, ga rami.”

Babu rami. Na dai taka da ƙarfi don kada ta ƙara tambaya.

Ran Asabar na share zaure da kaina. Na shimfiɗa tabarma biyu, ɗaya nan ɗaya can, na aje kujerata tsakani. Hamida ta sa atamfarta mai ruwan ganye da hijabin Sallah, ta jera littattafai, ta fita ta dawo, ta sake jera su. Anka yi la'asar. Inuwa ta fara tsawo. Duk keken da ya gitta sai ta ɗaga kai. Na ce mata yaran yanzu ba su san lokaci ba, amma ni ma kunnena na waje.

Sai munka ji mota ta tsaya ƙofar gida, mu da ko baƙon mashin ba mu cika yi ba. Anka buɗe ƙofa anka rufe. Ƙamshin turare ya riga sallama shigowa, kuma sallamar ba ta namiji ba ce.

“Nan ne gidan Amadu ɗan dako? Wanda ya mayar mani da ɗa malamin ɗiyarshi ba da sanina ba?”

Hamida ta dube ni. Ashe zance ya kai Shinkafi, uwar Safwan ce da kanta. Da na so, sai in yi shiru in bar Hajiya Balaraba ta yi mani aikin da na kasa yi a tsakiyar titi. Kalma biyu za ta faɗa, ɗiyata ta zauna gida har abada.

Na gyara hulata, na jawo kujerar gaba.

“Auta, zauna inda kike, kada ki rufe littafin nan.” Sannan na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji. “Nan ne, Hajiya. Shigo. Amadu Tarago ake ce mani, kuma yau ba ki fita zauren nan sai kin faɗa mani ranar da yaron zai fara zuwa.”